Daga ina jardan ta fito? Tarihin karatun ƙananan yara da mutanen da suka gina shi

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, za ka ga iyaye a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai suna nema wa ƴaƴansu ƴan shekara uku ko huɗu gurbi a makarantar da muke kira jardan, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira nazare. A ɗinka tufa, a sayi ƴar jaka, a biya kuɗi. Idan ka tambayi mai biyan abin da yake so ɗansa ya samo a can, amsar kusan ɗaya ce: ya iya ƙirga da Faransanci, ya iya rubuta haruffa, ya riga tsaransa kafin su shiga CI. Masu makarantu sun san wannan buri na iyaye, shi ya sa jardan da dama suka koma CI ƙarama: benci, allo, hadda, har da aikin gida a cikin kaye.

Kalmar jardan daga Faransanci muka aro ta, ma'anarta lambun yara, Faransawa kuma fassarawa suka yi daga sunan da wani Bajamushe ya raɗa a 1840. A makarantar horon malamai ana koya mana sunansa da na sauran magabatan wannan fanni, amma ba kasafai ake tsayawa a kan halin da suka yi aiki a cikinsa ba. Ni kuwa ina ganin darasin yana nan. Kusan dukkansu da ƴaƴan talakawa suka fara, wasu da marayun yaƙi, kuma gardamar da muke yi yau, wasa ko karatu, sun yi ta tun kafin a haifi kakanninmu.

Kafin a gina aji

Rainon yaro ya girmi makaranta. Ɗan ƙasarmu Abdu Mumuni Jofo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929 kuma jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya fitar da littafi a 1964 kan ilimi a Afirka. A ciki ya nuna cewa tarbiyyar gargajiya tsari ce mai matakai, shekarun farko suna hannun uwa, kuma koyo bai rabu da rayuwar yau da kullum ba. Mu ma mun san haka a gidajenmu. Yaro yana goye yana jin magana, bayan yaye ya shiga cikin yayyensa, ya yi tuwon ƙasa, ya ƙera motar kara, yarinya ta yi carafke ta goya ɗiyar tsana, da dare a yi gatana da kacici-kacici. A cikin wannan akwai ƙirga, akwai harshe, akwai sarrafa hannu, akwai jiran layi da haƙurin shan kaye.

Malaman Musulunci ma sun yi rubutu a kan yaro tun da daɗewa. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ɗa ga mai Mudawwana da malamanmu na Malikiyya suka sani, ya rubuta littafi kan ladubban malamai, inda ya sa iyaka ga bugun ɗalibi, ya kuma wajabta adalci tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ɗauki yaro a matsayin amana, ya ce a bar shi ya yi wasa bayan karatu, don hana shi wasa yana dusashe basirarsa ya sa ya ƙi karatun. Ibn Khaldun a Muƙaddimarsa ta 1377 ya ware babi guda kan illar tsanani, ya bayyana cewa yaron da aka rena da tsoro yana koyon ƙarya da yaudara don ya tsira. Na kawo waɗannan ne don kada wani ya ce sassauta wa yaro baƙon ra'ayi ne da ya zo da Nasara.

Makarantar uwa

A Turai, wanda ya fara zana wa shekarun farko tsari a rubuce shi ne Komeniyus, malamin addinin Kirista daga yankin Morabiya na ƙasar Cek ta yau, an haife shi a 1592. Ya yi rayuwarsa cikin Yaƙin Shekara Talatin. Annoba ta kashe matarsa da ƴaƴansa biyu, aka kore shi daga ƙasarsa a 1628, sannan a 1656 wuta ta cinye rubuce-rubucensa a garin Leszno na Polan. Duk da haka ya raba karatu gida huɗu, kowane shekara shida. Na farko, daga haihuwa zuwa shekara shida, ya kira shi makarantar uwa, kuma a gida yake nufin a yi shi. Yaro ya san ruwa da wuta da ruwan sama, ya bambanta dogo da gajere, ya ƙirga kaɗan, ya yi waƙa, ya motsa jiki. Mataki na biyu, daga shida zuwa sha biyu, ya ce da harshen gida za a yi shi, Latin ta jira. A 1658 ya fitar da littafin yara mai hotuna, kowane abu da zanensa da sunansa, aka yi ta amfani da shi sama da shekara ɗari. Har yau mutanen Cek makarantar uwa suke kiran jardan ɗinsu.

Bayan shekara ɗari, a 1762, Ruso ya fitar da littafinsa Emile, yana cewa yaro yana da nasa irin gani da tunani, a daina ɗaukarsa kamar babba mai ƙaramin jiki. An ƙone littafin a Paris da Janeba saboda abin da ya faɗa kan addini. Shi kansa Ruso bai rena ƴaƴansa ba, su biyar duka gidan marayu ya kai su. Amma rubutunsa ya faɗa hannun mutanen da suka gwada shi a aikace.

Marayun Stans da ƴaƴan masaƙa

Ɗaya daga cikinsu shi ne Pestalozi, mutumin Zurik a ƙasar Suwis. A 1774 ya tara ƴaƴan talakawa a gonarsa, suna kaɗi da saƙa suna karatu, bayan ƴan shekaru ya karye. A 1798 sojojin Faransa suka afka wa yankin Nidwalden, suka bar marayu birjik. Gwamnati ta tura shi garin Stans, ya riƙe yara kusan 80 shi da mace ɗaya mai kula da gida. Tare suke ci, tare suke kwana, shi ke wanke su, shi ke koya musu. Wata biyar zuwa shida kawai aka yi aka karɓe ginin aka mai da shi asibitin soja. Daga can ya fito da abin da ya riƙe har mutuwarsa a 1827: yaro ya fara ganin abu ya taɓa shi kafin a ba shi sunansa, ya ƙirga tsakuwa kafin ya rubuta lamba, kuma a rena kai da zuciya da hannu tare. Makarantarsa ta Yverdon, daga 1805 zuwa 1825, ta zama wurin da malamai daga ƙasashe da dama ke zuwa koyon aiki.

A Sikotilan kuma, wani mai masaƙar auduga, Robert Owen, ya buɗe wa ƴaƴan ma'aikatansa makaranta a New Lanark a 1816. A zamanin da ake sa ƴan shekara shida aiki a masaƙa, shi ya hana ɗaukar wanda bai kai goma ba. Ƙananan kuwa tun daga lokacin da suka iya tafiya ake karɓarsu. Ya damƙa su ga wani masaƙi mai haƙuri, James Buchanan, da wata budurwa ƴar shekara 17, ya ce ba duka, ba tsoratarwa, kada a dame su da littafi. Rawa, waƙa, fita waje, da hira kan abubuwan da suka gani.

Ga abin da ya biyo baya. Da tsarin ya isa Landan, yara sun yi yawa, kuɗi kaɗan ne, sai Samuel Wilderspin ya shahara da benci mai hawa-hawa kamar matakala, inda malami ɗaya zai zaunar da yara fiye da ɗari su riƙa maimaita abin da ya faɗa. Abin da aka fara da rawa ya ƙare a hadda. Ku riƙe wannan, don za mu sake ganinsa.

Mai lambu

Friedrich Froebel, wanda ya raɗa sunan, an haife shi a Jamus a 1782, uwarsa ta rasu yana ɗan wata tara. Ya koyi aikin gandun daji, ya zauna wurin Pestalozi daga 1808 zuwa 1810, ya yi aiki a gidan ajiyar duwatsu masu daraja a Balin. A 1837 ya buɗe wurin wasa da aikin hannu na ƙananan yara a Bad Blankenburg, a 1840 ya sa masa suna Kindergarten. Da gangan ya guje wa kalmar makaranta. A wurinsa yaro shuka ne, malami mai lambu. Mai lambu yana gyara ƙasa ya ba da ruwa ya kori awaki, amma ba ya jan tsiro da hannu don ya yi saurin tsawo. Kuma akwai lambun na gaske, kowane yaro da ɗan fangalinsa, ga kuma na kowa da kowa.

Ya ƙera kayan wasa da ya kira kyaututtuka. Na farko ƙwallaye shida na ulu, kowace da launinta. Na biyu ƙwallon icce, da guntun icce mai siffar ganga, da wani mai fuska shida daidai wa daida. Na uku mai fuska shidan ne aka yanka gida takwas, yaro ya wargaza ya haɗa, ya gina kujera ko ɗaki, yana gane rabi da kwata ba tare da an ambace su ba. Ya ƙara da naɗe takarda, saƙa, yumɓu, da wasannin da'ira masu waƙa. Wani babban abin da ya yi shi ne horar da mata su zama malamai, a lokacin da koyarwa take hannun maza.

A 1851 gwamnatin Purusiya ta haramta lambunan yara, tana zarginsu da yaɗa rashin addini da ra'ayin gurguzu. Froebel ya rasu a 1852, ba a ɗage haramcin ba sai 1860. Haramcin ne ma ya taimaka wajen watsa abin, don matan da suka koya sun fita da shi. Margarethe Schurz ta buɗe na farko a Amurka a 1856 da Jamusanci, Elizabeth Peabody ta buɗe na Ingilishi a Boston a 1860, Susan Blow kuma ta shigar da shi makarantun gwamnati a St. Louis a 1873. Amma kafin ƙarshen ƙarnin, a azuzuwa da yawa kyaututtukan sun zama wani horo: malama ta ba da umarni, yara duka su ɗaga icce ɗaya a lokaci ɗaya su ajiye shi wuri ɗaya. Kayan Froebel suna nan, abin da ya ƙera su dominsa ya tafi.

Reshen da ya iso mana

Tsarin lakkol ɗinmu daga Faransa ya zo, don haka tarihinsu ya shafe mu kai tsaye. A 1826 wasu mata masu hali suka buɗe ɗakin fakewar yara na farko a Paris, don ƴaƴan matan da ke fita aiki, suna koyi da Landan. Yara ɗaruruwa a kan benci mai hawa, ana tada su ana zaunar da su da ƙarar wani katako da malama ke kaɗawa. A 1879 aka naɗa Pauline Kergomard mai duba waɗannan ɗakuna, a 1881 doka ta canza musu suna zuwa makarantun uwa, sunan da ya tuna mana Komeniyus. Ta riƙe aikin sufeto har 1917, kusan shekara 40 tana zagaya ƙasar tana yaƙi da abu biyu: mai da wurin ma'ajiyar yara, da mai da shi firamare ƙarama. Ta nemi kujeru daidai tsawon yara, ta nemi a rage darussan karatu da rubutu, a ba wasa da tsabta da magana wurinsu. Ta sha yin kuka kan malaman da ke ɗora wa ƴan shekara huɗu abin da ya fi ƙarfinsu, sau da yawa don iyaye na son haka.

Mu a nan, firamare ce ta fara isowa a zamanin mulkin mallaka, don samar da tafintoci da ma'aikatan ofis. Jardan ta biyo baya, ta fara a manyan birane. Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta sa ta cikin ilimin tushe. Mun gaji sunan da ginin, mun kuma gaji cutar da Kergomard ta yi ta magani.

Likita a unguwar talakawa

Mariya Montesori ta zama likita a Roma a 1896, lokacin da mata likitoci a Italiya ba su da yawa. Ta fara aiki da yara masu raunin ƙwaƙwalwa, ta yi nazarin aikin likitocin Faransa biyu, Itard da Séguin, ta ƙera kayan horar da ido da kunne da yatsu. Sai wani kamfanin gidaje ya gyara gidajen haya a unguwar San Lorenzo, ya ga yara na ɓata bango idan iyaye sun tafi aiki, ya nemi wanda zai tsare su a ɗaki ɗaya. Ranar 6 ga Janairu 1907 ta buɗe Gidan Yara da yara kusan 50, mai taimaka mata ɗiyar mai gadin gidan ce.

Ta fi yawan zama tana kallo. Ta lura cewa yaro zai iya maimaita aiki ɗaya sau da yawa ba ya ko ɗaga kai, idan shi ya zaɓe shi. Ta sa aka yi ƙananan tebura da kujeru da yaro zai ɗauka da kansa, ta ajiye kaya inda hannunsa zai kai. Ta koya musu wanke hannu, shara, ɓalla maɓalli, zuba ruwa ba tare da zubarwa ba. Ta yanka haruffa da takarda mai kaushi irin wadda kafinta ke goge katako da ita, yara na bi da yatsa suna furta sautin, sai ga ƴan shekara huɗu suna rubutu da alli. Mai son ɗansa ya yi saurin karatu zai ce to ga shi. Amma a lura da abu biyu. Ba a tilasta musu ba, hannunsu ya daɗe yana shiri. Sannan harshen da suke magana da shi suka rubuta, kuma Italiyanci kusan yadda ake furta shi ake rubuta shi, kamar Hausar boko. Ɗan Tibiri da aka ba haruffan Faransanci, harshen da bai taɓa ji a gida ba kuma rubutunsa ya saɓa da furucinsa, ba hanya ɗaya suke bi ba.

Ta saɓa da gwamnatin Musolini ta bar Italiya a 1934, ta zauna Indiya daga 1939 zuwa 1946, ta rasu a Holan a 1952. Yau sunanta a ƙasashe da yawa yana kan allunan makarantun masu tsada, alhali da ƴaƴan ƴan ƙwadago ta fara.

A Ingila, ƴan'uwa biyu, Margaret da Rachel McMillan, sun zo ta ƙofar lafiya. Margaret ta yi gwagwarmayar ciyar da ɗalibai har aka yi doka a 1906. A 1914 suka buɗe makarantar raino a fili a unguwar Deptford ta Landan, inda wanka, abinci, barcin rana da iska mai kyau suka zo kafin darasi. Irin wannan makaranta ce ta yaɗa sunan da ya zama nazare a bakin Hausawan Najeriya. A ƙasar da tamowa da zazzaɓin cizon sauro ke kama yara kowace damina, wannan darasi bai tsufa ba.

Masu bincike sun shigo

A ƙarni na 20 masana halayyar ɗan Adam suka fara gwaji. Piaget na Suwis ya zuba ruwa daga faffaɗan kofi zuwa siriri mai tsawo a gaban yara, akasarin ƴan ƙasa da shekara bakwai suka ce ruwan ya ƙaru. Wato yaro zai iya rera ɗaya zuwa ɗari bai gane mene ne yawa ba. Masu bincike na baya sun nuna yara sun fi yadda ya zata iyawa idan aka yi musu tambayar ta hanyar da suka saba, amma bambanci tsakanin hadda da fahimta yana nan. Vygotsky na Rasha, wanda tarin fuka ya kashe a 1934 yana da shekara 37, ya mai da hankali kan magana: tunanin yaro yana ginuwa ne cikin hira da manya da yayye, kuma koyo na faruwa a inda abu ya ɗan fi ƙarfinsa shi kaɗai amma zai iya idan aka kama masa.

Sai gwaje-gwaje biyu da aka bi shekaru masu yawa. A garin Ypsilanti na Amurka, daga 1962, an ɗauki yara 123 ƴaƴan baƙaƙen fata matalauta, 58 suka shiga makarantar Perry, 65 ba su shiga ba. Awa biyu da rabi kowace safiya, malama ɗaya ga yara biyar ko shida, kuma kowane mako malama na zuwa gida ta zauna da uwa. Fifikon da suka samu a gwajin basira ya ɓace bayan ƴan shekaru a firamare. Amma da suka kai shekara 40, kashi 76 cikin 100 na waɗanda suka shiga suna da aiki, sauran kashi 62. Waɗanda aka taɓa kamawa sau biyar ko fiye kashi 36 ne a cikinsu, sauran kashi 55. Masanin tattalin arziki James Heckman ya danganta wannan da hali: natsuwa, juriya, iya zama da mutane.

Na biyun ya fi kusa da halinmu. A Kingston ta Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar, masu wata 9 zuwa 24. Wasu daga cikinsu ma'aikaciyar lafiya ta unguwa na ziyartar gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, abin da waɗannan ke samu ya fi na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin 100. Babu aji, babu benci. Makarantar uwa ce ta Komeniyus, an auna ta da alƙalumma.

Abin da na tsinta

Abu na farko, ba kowace jardan ce ke haifar da irin wannan sakamako ba. Makarantar Perry ƙarama ce, mai tsada, da ƙwararrun malamai. Ɗakin da aka cusa yara 70 a gaban malama ɗaya da ba a horar ba ya fi kama da bencin Wilderspin. Tun daga taron Jomtien na 1990 da na Dakar na 2000 gwamnatoci ke alƙawarin faɗaɗa karatun ƙananan yara, kuma faɗaɗawar alheri ce, amma idan lissafin ɗakuna kawai aka yi aka manta horon malama, tarihi ya riga ya nuna inda za a ƙare.

Na biyu, harshe. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, don haka ba mu da uzurin cewa ba mu san hanyar ba. Ɗan shekara huɗu yana buƙatar ya ba da labari, ya yi tambaya, ya yi gardama. Idan aka rufe masa baki da harshen da bai sani ba, hadda kaɗai ta rage masa. Faransanci zai iya shigowa ta waƙa da wasa, a hankali.

Na uku, ba sai an zaɓa tsakanin addini da jardan ba. A Mombasa ta Kenya, daga 1986, al'ummar Musulmi da taimakon gidauniyar Aga Khan sun kafa makarantun yara a jikin madarasu, matan unguwa aka horar, ana haɗa tarbiyyar Musulunci da wasa da shirin shiga firamare, daga baya tsarin ya kai Zanzibar da Yuganda. Unguwar da ke da makarantar allo ko Islamiyya tana da inuwa, tana da amincewar iyaye, abin da ya rage horo ne da tsari.

Ga iyaye, idan kun je duba jardan, kada kaye ya zama ma'auninku. Ku dubi ko akwai ruwan sha da makewayi da inuwa. Ku saurara, muryar wa ta fi yawa, ta malama ko ta yara? Akwai bulala a kan tebur? Akwai abin da yaro zai taɓa, ko da marafan kwalba ne da ƙwallon goruba da yumɓu? Wanda kuma ba shi da halin biya, ko babu jardan a ƙauyensu, kada ya ɗauka ɗansa ya yi asara. Ku yi masa magana, ku amsa tambayarsa, ku bar shi ya ƙirga awaki ya tsince wake, kaka ta yi masa gatana.

Ga ƴan'uwana malamai, mun san matsin da ke kanmu idan uba ya zo yana tambayar me ya sa ɗansa bai fara rubutu ba. Mu zaunar da shi mu nuna masa abin da yaron ya iya: ya riƙe almakashi, ya jera tsakuwa daga ƙarama zuwa babba, ya ba da labari daga farko har ƙarshe, ya jira a zo kansa. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma duk wanda ya taɓa dasa bedi ya san ɗanyen ne ya fi saurin karyewa a hannun mai gaggawa.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu ikon sauke amanarsu.